Hukumar daraktoci: Aikinta, dokokinta da yadda ake auna ƙwazonta

Hukumar daraktoci ita ce rukunin mutanen da masu hannun jari ke zaɓa domin su kula da kamfani a madadinsu. Ba ita ke saye da sayarwa ba, ba kuma ita ke biyan albashi a ƙarshen wata ba. Wannan aikin manajan darakta ne da ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa. Abin da ya rataya a wuyan hukumar shi ne naɗa manajan daraktan, da amincewa da alƙiblar kamfani da kasafinsa, da bin diddigin inda kuɗi ya shiga, da kuma sallamar manajan idan ya kauce hanya. Dokoki da ƙa'idojin da suka tsara alaƙa tsakanin waɗannan ɓangarori uku, wato masu jari da daraktoci da masu gudanarwa, su ake kira tsarin shugabancin kamfani.

Batun ya shafi mutane fiye da waɗanda ke halartar taron kamfanoni a Legas. Ɗan kasuwar da ya sayi hannun jarin banki yana da kaso a ciki, haka ma wanda ya ajiye kuɗin cinikinsa a bankin. Ma'aikacin gwamnati da ke cikin tsarin fansho na karo-karo, wanda aka fara a 2004, shi ma yana ciki ko da bai taɓa sayen hannun jari da kansa ba, domin wani kaso na kuɗin da ake cire masa duk wata ana zuba shi ne a hannayen jarin kamfanoni da kuma bankuna.

Tushen matsalar

Mai shago a Kantin Kwari da ya bar wa yaronsa kaya ya yi tafiya, idan ya dawo zai ƙirga dilolinsa, ya duba littafi, ya tambayi maƙwabta. Wanda ke da hannun jari dubu biyar a kamfanin da ke da hannayen jari biliyoyi ba shi da wannan dama. Ba ya shiga sito, ba ya ganin littafin basussuka, abin da ke zuwa hannunsa kawai shi ne rahoton shekara wanda mutanen da yake son bincika su ne suka shirya shi. Hukumar daraktoci ce ke tsaya masa a matsayin ido da kunne. Idan ta yi barci, ko ta haɗa kai da masu gudanarwa, babu sauran mai tsaron dukiyarsa a cikin gidan.

Tsarin da ake bi a yau ya samo asali ne daga Birtaniya. Bayan rushewar kamfanin Polly Peck a 1990, da rufe bankin BCCI a 1991, da kuma gano cewa attajirin jaridu Robert Maxwell ya wawure ɗaruruwan miliyoyin fam daga asusun fanshon ma'aikatansa, wani kwamiti ƙarƙashin Sir Adrian Cadbury ya fitar da rahoto a watan Disamba na 1992. Rahoton ya ba da shawarar a raba kujerar shugaban hukuma da ta manajan darakta, a sanya daraktocin da ba ma'aikatan kamfani ba, a kuma kafa kwamitin binciken kuɗi. Bai mayar da shawarwarin doka ba. Ya ce kamfani ya bi, ko kuma ya bayyana wa masu jari dalilin ƙin bi. Afirka ta Kudu ta fitar da nata kundin a 1994 ƙarƙashin Mervyn King. Amurka kuwa ta zaɓi hanyar tilas: bayan durƙushewar Enron a Disamban 2001 da WorldCom a 2002, ta kafa dokar Sarbanes-Oxley wadda ta tanadi ɗauri ga shugaban da ya sa hannu a kan lissafin ƙarya.

Labarin Enron yana da muhimmanci ga duk mai son fahimtar iyakar ƙa'idojin takarda. Hukumarsa ta ƙunshi fitattun mutane, yawancinsu ba ma'aikatan kamfanin ba ne, kuma wanda ke shugabantar kwamitin binciken kuɗi farfesa ne a fannin akanta, tsohon shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Stanford. Wannan hukuma ce ta ɗage ƙa'idar kamfanin ta hana cin tudu biyu, ta bar babban jami'in kuɗi, Andrew Fastow, ya riƙa gudanar da wasu kamfanoni na gefe da ke ciniki da Enron ɗin kansa.

Yadda abin ya zo Najeriya

Kundi na farko ga kamfanonin da ke sayar da hannun jari ga jama'a ya fito ne a 2003, daga kwamitin da Atedo Peterside ya shugabanta, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Hada-hadar Hannayen Jari, wato SEC, tare da Hukumar Rajistar Kamfanoni. Shekara uku bayan haka aka gano cewa kamfanin Cadbury Nigeria ya kumbura lissafinsa da kimanin Naira biliyan 13, lamarin da ya ci kujerar manajan daraktansa da daraktan kuɗi. Abin ban takaici, sunan da kamfanin ke ɗauke da shi sunan gidan mutumin da ya rubuta ƙa'idojin farko ne.

A ɓangaren bankuna, haɗewar da Charles Soludo ya tilasta, wadda ta ɗaga jarin banki zuwa Naira biliyan 25, ta rage bankuna daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005. Babban Bankin Najeriya ya fitar musu da kundi na musamman a 2006. A ranar 14 ga Agusta, 2009, sabon gwamnan bankin, Sanusi Lamido Sanusi, ya tsige shugabannin bankuna biyar, wato Afribank da Finbank da Intercontinental da Oceanic da Union, ya zuba musu Naira biliyan 420. A watan Oktoba ya ƙara da shugabannin wasu uku, jimillar tallafin ta kai Naira biliyan 620. A laccar da ya gabatar a Jami'ar Bayero ta Kano a Fabrairun 2010, ya lissafa gazawar hukumomin daraktoci cikin manyan musabbaban rikicin: wasu masu gudanarwa sun yaudare su, wasu daraktocin da kansu suka ci bashi ba jingina, wasu kuma ba su da ilimin da za su tuhumi abin da aka ajiye a gabansu. A shekarar ce Babban Banki ya ƙayyade wa shugabannin bankuna wa'adin shekara 10, abin da ya sa Jim Ovia ya sauka daga Zenith, Tony Elumelu kuma daga UBA.

Yunƙurin samar da kundi guda ga ƙasa baki ɗaya ya yi tuntuɓe a 2016, lokacin da gwamnati ta dakatar da wanda Majalisar Kula da Rahoton Kuɗi, FRC, ta fitar, bayan ce-ce-ku-ce kan tilascin da ke cikinsa da kuma shigar da ƙungiyoyin addini. Wanda ake aiki da shi yanzu shi ne kundin 2018, mai ƙa'idoji 28, wanda aka ƙaddamar a Janairun 2019. Salonsa shi ne kamfani ya aiwatar da ƙa'ida, sannan ya bayyana yadda ya aiwatar. A saman wannan akwai Dokar Kamfanoni ta 2020, wadda aka fi sani da CAMA, da ta maye gurbin ta 1990. Bankuna kuma suna bin sababbin ƙa'idojin da Babban Banki ya fitar a 2023.

Su wa ke zama a hukumar

Daraktoci iri uku ne. Akwai masu zartarwa, waɗanda ma'aikatan kamfani ne na cikakken lokaci, manajan darakta ne shugabansu. Akwai marasa zartarwa, waɗanda ke zuwa taro kawai, galibi suna wakiltar wani babban mai jari. Sai masu zaman kansu, waɗanda ake so ya zama ba su da wata alaƙa ta kuɗi ko ta jini da za ta ɗaure musu harshe.

Dokar 2020 ta haramta wa shugaban hukumar kamfanin jama'a ya zama shi ne kuma babban jami'in zartarwa. Ta hana mutum ɗaya zama darakta a kamfanonin jama'a fiye da biyar. Ta wajabta daraktoci masu zaman kansu aƙalla uku, kafin gyaran 2023 ya mayar da adadin kashi ɗaya cikin uku na hukumar. Kundin 2018 ya ƙara da cewa kada manajan darakta ya sauka daga kujerarsa ya haye ta shugaban hukuma. Idan ya zama dole, a jira shekara uku. Hikimar a fili take: wanda ya shuka kuskure jiya ba zai so magajinsa ya tono shi yau ba.

A kan ma'anar zaman kai, doka da kundi sun yi hannun riga. Kundin 2018 ya ce jarin darakta mai zaman kansa kada ya wuce kashi 0.01 cikin 100, kuma kada ya zarce shekara tara a kujera. Dokar 2020 ta kai iyakar jarin har kashi 30 cikin 100. Mutumin da ya mallaki kusan sulusin kamfani yana iya zama mai gaskiya, amma da wuya a ce ba shi da ɓangare idan muradinsa ya ci karo da na ƙananan masu jari.

Yawancin aikin hukuma a kwamitoci ake yin sa: na binciken kuɗi, na kula da haɗari, na naɗe-naɗe, na albashi da alawus. Ban da waɗannan, doka ta wajabta wa kamfanin jama'a wani kwamitin binciken kuɗi mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktoci marasa zartarwa. Wannan ita ce kafa mafi kusa da ƙaramin mai jari ke da ita zuwa littattafan kamfani, domin a taron shekara ake zaɓen wakilan uku. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da ƙarin kwamitin malamai masana da ke duba dacewar harkokinsu da Shari'a, sai dai wannan bai ɗauke wa daraktoci nauyin da ke kansu ba.

Auna ƙwazon hukumar

Hukuma ce ke auna manajan darakta. Tambayar da ta daɗe ba a amsa ba ita ce wa ke auna hukumar. A Birtaniya, rahoton Derek Higgs na 2003 ne ya shigar da bitar shekara-shekara cikin ƙa'idoji, kuma daga 2010 aka buƙaci manyan kamfanoni 350 da ke kasuwar Landan su kira mai bita daga waje aƙalla sau ɗaya a shekara uku. Kundin Najeriya na 2018 ya bi wannan sawu a ƙa'idarsa ta 14: bita duk shekara, ta waje aƙalla sau ɗaya a shekara uku. Ga bankuna sharaɗin ya fi tsauri, domin duk shekara mai bita na waje ne zai yi, a gabatar da rahoton a taron masu jari, a kuma aika kwafi ga Babban Banki.

Ana auna hukumar a dunƙule, da kowane kwamiti, da shugaban hukuma, da kowane darakta shi kaɗai. Hanya mafi sauƙi ita ce takardar tambayoyi da kowa zai cike, ya ba kansa da abokan aikinsa maki. Ita ce kuma mafi rauni. Bita mai nauyi takan haɗa da ganawa da kowane darakta a keɓe, da karanta bayanan tarurrukan shekara gaba ɗaya, da duba takardun da aka aika wa daraktoci kafin taro, wani lokaci har da zama a ɗakin taro a ga yadda muhawara ke gudana.

Halartar taro ita ce abin da ya fi sauƙin ƙirgawa, kuma kundin ya ce a zauna aƙalla sau ɗaya a kowane wata uku. Amma zama ba aiki ba ne. Mai bita da ya san aikinsa zai tambayi ranar da takardun taro suka isa hannun daraktoci, domin shafi ɗari uku da aka aiko daren jajibiri alama ce ta cewa sa hannu ake nema, ba shawara ba. Zai duba ko akwai ranar da hukumar ta mayar da wata buƙatar masu gudanarwa, ko kuwa shekara ta ƙare kowace buƙata ta wuce ba gardama. Zai bi shawarwarin da aka yanke a watan Maris ya ga ko an aiwatar da su zuwa Satumba, da kuma ko wani ya tambaya. Zai ƙirga lokacin da aka ɓata kan alawus da sayen motoci, ya kwatanta da wanda aka ba makomar kamfani. A banki, zai nemi jerin basussukan da aka ba daraktoci da kamfanoninsu da danginsu, da ko mai bashin ya fita daga ɗaki lokacin da ake tattauna buƙatarsa. Zai kuma tambayi wanda zai hau kujerar manajan darakta idan aka wayi gari babu shi. Hukumar da ba ta da amsar wannan ta bar ɗaya daga cikin manyan ayyukanta.

Sai batun ƙwarewa. Ana jera fannonin da kamfani ke buƙata, kamar lissafin kuɗi da shari'a da fasahar sadarwa da sanin kasuwar da ake ciki, a ga wa ke da wanne. Bankin da yawancin cinikinsa ya koma wayar hannu, amma babu ko mutum ɗaya a hukumarsa da ya fahimci yadda ake kutse a na'ura, yana da giɓi komai girman sunayen da ke kan takardarsa.

Bayan bita, kundin ya ce hukumar ta tattauna sakamakon gaba ɗaya, shugaban hukuma kuma ya zauna da kowane darakta kan nasa. Wanda ya gaza a tura shi horo, kuma a yi la'akari da sakamakon idan lokacin sake zaɓensa ya yi. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce haƙoran tsarin, domin a bisa doka, sai dai in kundin kamfani ya tanadi wani abu daban, kashi ɗaya cikin uku na daraktoci ne ke sauka a kowane taron shekara su nemi a sake zaɓensu.

Inda bitar ke rauni

Kundin bankuna na 2006 ya riga ya wajabta bitar shekara-shekara ta hannun mai bita na waje. Shekara uku ana ƙarƙashin wannan sharaɗi kafin guguwar 2009, kuma ba bitar ce ta fallasa ɓarnar ba, binciken musamman na Babban Banki da Hukumar Inshorar Ajiya, NDIC, ne ya fallasa ta. Bayan haka ma Babban Banki ya sauya shugabancin Skye Bank a 2016, ya rusa hukumomin First Bank da uwar kamfaninsa a Afrilun 2021, sannan na Union da Keystone da Polaris a Janairun 2024. Dalilan sun bambanta daga banki zuwa banki, amma a kowanne hukunci daga waje ya zo.

Rauni na farko shi ne hukumar da za a auna ita ke zaɓen mai aunawa, kamfaninta ke biyansa, ita ce kuma za ta yanke ko za a sake kiransa baɗi. Idan kamfanin bitar yana da wasu kwangiloli a gidan, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Na biyu, abin da ke isa ga masu jari yawanci shafi ɗaya ne a rahoton shekara, mai cewa hukumar ta cika yawancin ƙa'idoji kuma an miƙa mata shawarwari, ba tare da faɗin ko mene ne shawarwarin ba. Na uku ya shafi al'ada. Inda shugaban hukuma dattijo ne mai sarauta, ko tsohon janar, ko tsohon minista, daraktan da ya yi sa'ar ɗansa zai ji nauyin ba shi maki kaɗan ko da an yi alƙawarin sirri. Kunya da girmama manya kyawawan halaye ne, amma darakta amana ya karɓa, kuma doka ba ta sassauta masa don wanda ya yi kuskuren ya girme shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na huɗu, kuma mafi wuyar magani, shi ne kamfanin da mutum ɗaya ko gida ɗaya ke riƙe da rinjayen jari. A nan duk daraktan da ke zaune ya san wanda ya kawo shi, har da wanda aka kira mai zaman kansa.

Saboda haka masu nazari kan fi duba abin da ya biyo bayan bita a kan abin da aka rubuta a cikinta: ko an sauya shugaban wani kwamiti, ko an kawo mai wata ƙwarewa da babu, ko wani darakta ya sauka ba tare da an sake gabatar da shi ba. Hukumar da ta yi bita sau biyar a jere ba tare da ko kujera ɗaya ta motsa ba, ko dai ta kai maƙura a nagarta, ko kuma bitar ba ta taɓa kowa.

Abin da ke hannun mai jari

Doka ta ce a ba masu jari sanarwar kwana 21 kafin taron shekara, kuma tun gyaran 2023 kamfanonin jama'a na iya gudanar da taron ta intanet, don haka mai jari a Kano ko Sakkwato ba ya buƙatar kuɗin mota zuwa Legas. A rahoton shekara akwai jadawalin halartar taro na kowane darakta, da ranar da aka naɗa shi, da sauran kamfanonin da yake darakta, da sashen cinikin da kamfani ya yi da makusantansa. Akwai kuma sunan kamfanin binciken kuɗi na waje, wanda kundin 2018 ya ce kada ya wuce shekara 10 a jere, kuma kada a dawo da shi sai bayan shekara bakwai. Masu jari na iya tsige darakta kafin wa'adinsa ya cika da rinjayen ƙuri'a, bayan sanarwa ta musamman, kuma waɗanda suka haɗa kashi ɗaya cikin goma na jarin da ke da ƙuri'a na iya tilasta a kira taron gaggawa.

Ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, irin waɗanda yawancin 'yan kasuwa ke yi wa rajista, ba sa cikin waɗanda kundin 2018 ya wajaba a kansu. Dokar 2020 ma ta sauƙaƙa musu: mutum ɗaya na iya kafa kamfani, ƙaramin kamfani na iya zama da darakta ɗaya, ba kuma dole ne ya naɗa sakatare ba. Sai dai sunan mata ko ɗa ko ƙane da aka rubuta a matsayin darakta don cike fom, suna ne mai ɗauke da nauyi a gaban kotu. Dokar ta ɗora wa kowane darakta yin aiki da gaskiya don amfanin kamfani da kuma yin taka-tsantsan, kuma rashin halartar taro ba ya zama kariya kai tsaye. Idan kamfani ya rushe aka tabbatar an ci gaba da ciniki da nufin damfarar masu bin bashi, kotu na iya sa wanda ke da hannu ya biya bashin daga aljihunsa.